Waiwayen Inna Kulu

A bayan babur ɗin wani manomi aka dawo da Inna Kulu ruga, ƙwaryar nononta a kife a kan cinya, ƙafafunta biyu a gefe guda suna reto. Matar da ta fi shekara arba'in tana taka hanyar kasuwar Kiru da kaya a ka, ba ta taɓa tsayar da wani ta nemi kwatance ba, yau ita ce aka ɗauko kamar buhun dawa. Yara suka biyo babur ɗin da gudu, karnuka suna ta haushi. Ita kuwa da ƙasa za ta tsage, wallahi da ta shige.

Manomin ya kashe babur, suka gaisa da Umaru, ɗanta na fari, sannan ya yi masa bayani da muryar nan ta ƙasa-ƙasa da ake yi don kada mai larura ya ji, alhali kowa yana ji. Ya ce can wajen Bebeji ya tsince ta a tsakiyar gonarsa, ta ba gida baya, tana ta tambaya ina rimin da ake karya kwana a gindinsa. Rimin kuwa an sare shi da rani, lokacin da take kwance tana jinyar ƙafa, 'yar hanyar da ke bi ta gefensa kuma garma ta cinye ta.

"Tsufa ne," in ji manomin. "Tawa gyatumar ma da haka ta fara. Sai dai ku riƙa sa ido."

Umaru ya yi godiya, ya sa aka ba baƙo madara ya sha. Da mutumin ya tafi sai ya ɗauki ƙwaryar ya miƙa wa matarsa Baturiya, ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa.

"Inna, kin yi mana iya yi. Daga yau tallan nono ya koma hannun Baturiya. Ke ki zauna ki huta."

Kulu ta bar shi da maganarsa. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma ja-in-ja da shi a gaban mutane. Ƙwarya kuwa su riƙe abarsu. Suwaiba ce ta tsaya mata a rai.

Suwaiba jikarta ce. Tun tana cikin zanen goyo uwarta ta rasu, Kulu ta ɗauke ta, ta raine ta da madarar saniya har ta aurar da ita. Bayan ciwon bushiya ya yi wa shanun ƙasar nan kaca-kaca, dangin mijinta suka kora abin da ya rage musu suka yi kudu, suka kafa ruga a bayan duwatsun Doguwa, inda Kulu ba ta taɓa takawa ba. Haihuwar fari a gida aka yi ta kamar yadda aka saba, yaron bai zo da kwana ba. Yanzu ga wani cikin, ana sa ran saukarta da kaka, kuma wannan karon a can za ta haihu. Ranar da ta zo ganin gida ta kama bakin zanen kakarta ta ce, "Inna, ke za ki zo ki yi mini wankan jego. Ban yarda da hannun kowa ba." Kulu ta ce in Allah ya kai rai babu makawa.

Da aka kwana biyu Umaru ya ƙarasa maganar da ya fara. Ya ce idan Suwaiba ta sauka, Baturiya ce za ta je.

"Kai ki can ba wuya ba ne, Inna, zan iya kai ki," ya ce. "Amma mai wankan jego kullum tana daji. Yau itace, gobe ganye, ga ɗiban ruwa a rafi, har kwana arba'in. Dajin Doguwa ba gonar Bebeji ba ne. Can in mutum ya ɓata, babu mai babur da zai tsinto shi."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Umaru ba mugu ba ne, mutum ne mai tausayi, sai dai tausayinsa irin wanda yake ɗaure mutum a turke ne. Kulu ta koma bukka ta zauna. Ta yi kwanaki ba ta cin abin kirki, tana jin tsoron kanta da kanta, tsoron da ba ta taɓa yi wa kura ko ɓarawon shanu ba.

A haka Turai ta zo ta same ta. Turai Bahausa ce mai daddawa a ƙauyen da ke tsallaken fadama, ta girmi Kulu nesa ba kusa ba, haƙoranta sun zube amma bakin yana nan da kaifinsa. Ta yi sallama, ta zauna a bakin tabarma ba tare da an ce ta zauna ba.

"An ce kin ruɗe."

"Haka aka ce."

"Ke me kika ce?"

Kulu ta nisa. "Ban sani ba, Yaya Turai. Da na nemi rimin nan na rasa, sai na ji kaina ya zama wayam. Gabas da yamma duk suka zama ɗaya."

"To, faɗa mini. In kin wuce rijiyar Ladan za ki kasuwa, me ke hannunki na dama?"

Kulu ta lumshe ido. Rijiyar da ta wuce ta gabanta sau ba adadi. Ta yi ƙoƙarin hango wurin a zuciyarta, ba ta ga komai ba sai ƙasar da take takawa.

Turai ta yi dariya har da tafa cinya. "Ke Bafilatana, ai ƙafarki ce ta san hanya. Kanki yana can yana sharar barci a ƙarƙashin ƙwarya tun kina amarya. Ku masu nono, in kun ɗora kaya sai ku sandare wuya, ba dama ba hagu, wai kada ya tangaɗe. Ranar da aka ɗauke wa ƙafa alamarta, ta juya ta tambayi kai, ta tarar ba ya gida. Ba ruɗewa kika yi ba, 'yar nan. Amfanin hankali aiki da shi."

Ran Kulu ya ɓaci, don ba kowa ne zai kira ta 'yar nan ya kwashe lafiya ba. Amma ta gyara zama.

Mahaifin Turai bafatake ne, da jakuna ya ƙare rayuwarsa, kuma har ya rasu yana da kusan shekara casa'in bai taɓa ɓata ko a garin da bai sani ba. Abin da ya koya wa 'ya'yansa ba wani asiri ba ne. Duk inda hanya ta rabu biyu, ka tsaya cak, ka juya gaba ɗayanka, ka kalli inda ka fito, domin hanya fuska biyu gare ta, wadda take nuna wa mai tafiya daban, wadda take nuna wa mai dawowa daban. In ka koma gida kuma, ka share ƙasa, ka jera tsakuwa, kowace ɗaya a madadin alama ɗaya, ka faɗe su daga farko zuwa ƙarshe, sannan daga ƙarshe zuwa farko. Kuma kada ka dawo ta inda ka bi jiya in akwai wata hanyar.

"Waiwaye adon tafiya ake cewa," in ji Turai. "Shi kuwa babana cewa yake abincin tafiya ne. Kina da sauran watanni kafin kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Washegari Kulu ta bi Baturiya neman itace. A mararrabar farko ta tsaya ta juya, sai ta ga abin mamaki. Rugarsu, wadda ta kwana a cikinta shekara da shekaru, ashe daga nan a tsakanin giginya biyu take zaune, ɗaya ta karkata. Ba ta taɓa sani ba. Da yamma ta jera tsakuwa a ƙofar bukka. Daga farko zuwa ƙarshe ta ɗan taɓuka, amma da aka zo faɗa daga ƙarshe sai komai ya cakuɗe, kanta ya ɗauki ciwo, ta watsar da tsakuwar da ƙafa ta ce wannan aikin banza ne. Gari na wayewa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Wayyo, sai ga abin ya zamar mata wani sabon abin magana. Tsohuwa tana tafiya, sai ta tsaya ta yi juyi a tsakiyar hanya tana motsa leɓe. Da yamma tana tsugune tana wasa da duwatsu tana magana ita kaɗai. Matan ruga suka riƙa taɓa juna, suna cewa Allah sarki, abin ya ci gaba. Umaru ya je wurin wani malami ya karɓo rubutu, ta karɓa ta shanye ba musu, don addu'a ba ta yawa, ta koma kan tsakuwarta. Baturiya ce kaɗai ta lura da cewa kwanan nan ita take bin surukarta a baya in za su dawo daga daji, kuma kullum ta wata sabuwar hanya.

Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi, hanyoyi suka zama lungu-lungu, ba ka hango komai sai sama. Turai ta ce yanzu ne makaranta ta buɗe. Kulu ta koyi duba inda inuwarta ta faɗi, da inda ruwa ya gangara bayan an ɗauke, da inda hayaƙin ƙauye yake tashi. Duk ranar Juma'a takan tsallaka fadama ta je ta jera wa Turai hanyoyin mako, Turai ta ɗauke tsakuwa ɗaya ta ɓoye a tafin hannu ta ce, "Wace ce babu?" Wani lokaci Kulu ta ci, wani lokaci ta faɗi su yi ta faɗa kamar yara. Sannu a hankali ta ga ta daina neman allurarta, ta daina kiran jikoki da sunayen juna. Ta ji daɗi ƙwarai, amma ba ta faɗa wa kowa ba.

An fara yankan dawa sai ga Sale, wan mijin Suwaiba, ya yi sallama da hantsi. Suwaiba ta sauka jiya, namiji, uwa da ɗa lafiya. Shi Kano ya nufa don ya sanar da sauran dangi, ba zai koma ba sai ranar suna. Aka yi barka, aka yi guɗa. Kulu ta jira har ya sha fura, sannan ta share ƙasa a gabansa ta ce ya kwatanta mata rugar. Ya dubi Umaru, Umaru ya kau da kai. Sale ya fara: a sauka mota a Doguwa, a bi ta bayan makera, a wuce tsamiya mai kogo, a tsallake busasshen kwari, in an isa babban dutse mai kama da doron raƙumi a bi hannun dama. Ya ƙara da cewa rugar tana bakin rafi, kuma rana daga bayan dutsen take fito musu. Kowace magana ya faɗa, Kulu ta ajiye mata tsakuwa.

Da sassafe bayan an yi salla ta fito da ƙunshinta, kanwa da yaji da man shanu a ciki. Umaru yana tsaye a bakin garke.

"Inna, mun riga mun yi magana."

"Kai ka yi magana, Kawun Suwaiba. Ni ban yi ba." Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Ka ji tsoro ranar nan, ni ma na ji, har na fi ka. Amma na yi wa marainiya alkawari. In za ka hana ni, sai dai ka kama hannuna."

Wane shi. Ya sunkuyar da kai, ta wuce.

A Kwanar Ɗangora ta shiga akori-kura mai zuwa kudu, aka matse ta tsakanin buhunan masara da wata mata mai kaji. Suka wuce Tudun Wada, ƙasa ta fara tudu da gangare, itatuwa suka yi kauri, duwatsu suka fara leƙowa daga nesa. Bakin Kulu yana ta bitar tsakuwar Sale. Da rana ta take tsaka aka sauke ta a Doguwa.

Ga makera, ana ta bugun lauje. Ta bi ta bayanta, ta tsaya ta juya ta kalle ta daga can. Ga tsamiya mai kogo, ta wuce, ta juya. Ta gangara kwari ta haura, ta juya. Da ta isa dutsen, hanya ta rabu biyu kamar yadda aka ce, ta waiwaya ta dubi inda ta fito, sannan ta bi dama.

Ta yi tafiya mai ɗan nisa kafin ta ji a jikinta cewa akwai abin da bai yi daidai ba. Hanyar sai hawa take, ciyawa tana ƙara rufe ta. Babu kashin shanu, babu sawun kofato, babu ko kukan tsuntsun bakin ruwa. Nan take abin nan na ranar rimi ya taso mata, itatuwa suka zama iri ɗaya, ta ji kamar ta zauna ta fashe da kuka. Ta yi salati. Sannan ta juya gaba ɗayanta, sai ga hanya ta nuna mata fuskar da ta riga ta sani: ga marken da tsawa ta tsaga, ga suri mai kai biyu, can kuma ga ƙeyar dutsen. Ta san inda take. Ta kama komawa da ƙafafu masu ƙarfi.

A gindin marken ta tsaya, ta yi gyaran murya.

"Fito, tururuwa za su cinye ka."

Sai ganye ya motsa, Umaru ya fito daga bayan itacen, hula a karkace, ƙaya duk ta kama masa riga. A saman kayan akori-kurar ya yi zamansa tun daga Kwana, fuska a rufe da rawani.

"Tun a tsamiya nake ganinka," ta ce. "Mai laɓe a bayan mai waiwaye ai wahala kawai yake sha."

"Inna, kin ga abin da nake gudu. Mun saki hanya. Mu koma gari mu nemi wanda zai raka mu."

"Ni na saki hanya, kuma ga shi na kama abata. Biyo ni."

A mararrabar dutsen ta durƙusa, ta share ƙasa, ta tsinci tsakuwa ta jera. Ta faɗe su daga makera zuwa ruga. Ta sake faɗa daga ruga zuwa makera, sai ta tsaya da yatsa a kan tsakuwar dutsen, murmushi ya suɓuce mata.

"Sale daga ruga ya fito jiya. Da ya zo nan, damansa ya faɗa mini, damar mai fitowa. Ni kuwa mai shiga ce. Ya ce rana daga bayan dutse take fito musu, ke nan suna yamma da shi. Dubi inuwarka, ka dubi inda ƙasa ta gangara. Ruwa ba ya hawa tudu."

Ta karkaɗe hannu ta bi hagu. Ba su yi nisa ba sai ga kashin shanu ɗanye a tsakiyar hanya, Kulu ta ji daɗin ganinsa fiye da yadda ta taɓa jin daɗin ganin turare. Daga nan sai sanyin rafi, sai kukan maruƙa, sai rufin bukkoki. Ta ɗaga kai, ta miƙe ƙirji, ta shiga rugar da sallama mai ƙarfi, ɗanta yana biye.

Suwaiba tana jin muryar ta fashe da kuka daga cikin bukka. Kulu ta shiga, ta karɓi jaririn, ta juya shi ta duba cibiya, ta tofa masa addu'a. Ba ta zauna shan ruwan baƙunta ba. Ta tambayi inda tukunyar wanka take, ta ga itacen da aka tara ɗanye ne ta yi tsaki, ta ɗauki gatari ta shiga dajin da ba ta taɓa gani ba sai yau. Umaru ya miƙe zai bi ta, sai kuma ya koma ya zauna. Kafin la'asar ta dawo ta wata hanyar daban, da busasshen itace a ka da damin ganyen runhu a hammata.

Da wuta ta kama, ruwa ya fara tafasa, Umaru ya zo ya durƙusa a gefen murhu. Ya ce zai koma, don ya bar garke ba babba, yana so ya sami motar yamma. Ya yi sallama, ya miƙe, ya yi taku kaɗan ya tsaya. Mazan rugar duk suna wurin kiwo. Ya dubi gabas, ya dubi kudu, ya sosa ƙeya. Tun daga makera idonsa a kan bayan uwarsa yake, yana neman inda zai laɓe, bai ga komai na hanyar ba.

Ya dawo ya sake durƙusawa.

"Inna," ya ce a hankali, "ta ina zan bi?"

Kulu ba ta yi dariya ba, ko da yake ta so. Tana tura itace cikin wuta ta faɗa masa, tiryan-tiryan, daga bakin rafi zuwa dutse, daga dutse zuwa kwari, zuwa tsamiya, zuwa makera, da abin da zai gani a damansa da abin da zai bari a hagunsa. Ta sa ya maimaita. Ya yi kuskure a kwari, ta gyara masa.

"Ka ce wa Baturiya sai na yi arba'in," ta ce. "Kada a turo kowa ɗaukata."

Sannan ta tsoma ganyen cikin tafasasshen ruwa, ta ɗaga, tururi ya turnuƙe ta.

"Suwaiba, fito. Ruwa ba ya jiran mai jego."